Jirgin Igiya: Ƙaramin Jirgin da Ke Koyar da Babbar Sana'a

Tun kafin kasuwanni su cika da jirage marasa matuƙa masu ɗauke da kyamara, akwai wani ƙaramin jirgin sama da ya mamaye zukatan yara da manya a Amurka da Turai, musamman daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa shekarun 1960. Shi ne jirgin igiya. Jirgi ne na katako mara nauyi, da fiffikensa da jelarsa da farfelarsa, da inji na gaske mai shan mai, amma an ɗaure shi da siraran igiyoyi 2 da suka fito ta fiffiken hagu suka ƙare a wani mariƙi da ke hannun matuƙi. Matuƙin yana tsaye a tsakiyar fili, jirgin yana kewaya shi, shi kuma yana juyawa tare da shi. In ya ɗaga wuyan hannunsa jirgi ya hau, in ya sunkuyar da shi jirgi ya sauko. Iyakar tuƙin ke nan. Mai hange daga nesa zai ce wannan wasan yara ne wanda zamani ya bar shi a baya. Ni kuwa a ganina, cikin duk abubuwa masu tashi da mutum zai iya ƙerawa a gida, babu wanda ya kai shi koyar da yadda jirgi da inji suke aiki. Dalili shi ne komai nasa a fili yake, kuma duk kuskuren da maƙerinsa ya yi, ido zai gan shi, kunne zai ji shi, hannun da ke riƙe da igiya zai shaida shi nan take.

Asalin wannan fasaha a jihar Oregon ta Amurka yake. A 1937 wani mutum mai suna Oba St. Clair ya tashi jirginsa mai suna Miss Shirley da igiyoyi 4. Amma wanda ya kai abin kasuwa shi ne Jim Walker na birnin Portland, wanda ya fitar da jirgin Fireball a 1940 da tsarin igiyoyi 2, ya kira shi U-Control, ya kuma yi masa rajistar mallakar ƙira. Shekara da shekaru sauran kamfanoni suna biyansa kafin su yi amfani da tsarin, har zuwa tsakiyar shekarun 1950 da ya yi shari'a da kamfanin Leroy Cox na Kalifoniya, kotu ta rushe rajistar bisa hujjar cewa St. Clair ya riga shi. Abubuwa 2 ne suka mayar da jirgin igiya na kowa da kowa. Na farko shi ne fulogin da Ray Arden ya fito da shi a 1947, wanda ya raba ƙananan injuna da ɗaukar kwayil da batir a sama. Na biyu shi ne injin Babe Bee da Cox ya fitar a 1956, mai araha har yaro ya iya tara kuɗinsa ya saya. Daga nan miliyoyin irin waɗannan injuna suka shiga gidajen mutane, kuma da yawa daga cikin injiniyoyin jiragen sama na wancan zamani a kansu suka fara sanin ƙamshin mai. Burt Rutan, wanda ya zana jirgin Voyager da ya kewaye duniya a 1986 ba tare da ya sauka ko ya ƙara mai ba, da ƙananan jirage ya fara, har da na igiya, yana shiga gasa da su tun yana saurayi.

Darasin farko yana cikin tsarin tuƙin kansa. Igiyoyin nan 2 suna shiga ta bakin fiffike su kama kunnuwan wani ɗan ƙarfe mai kusurwa 3 da aka kafe a tsakiyar jirgi, yana juyawa a kan ƙusa ɗaya. Daga kusurwarsa ta uku wata sandar waya ta miƙe zuwa leɓen jela. Jan igiyar sama yana juya ƙarfen ya ɗaga leɓen, iska ta danne jela, hancin jirgi ya ɗaga; jan ta ƙasa yana yin akasin haka. Yaro ɗan shekara 10 zai iya bin wannan hanya da yatsa daga mariƙi har jela ya gane ta ba tare da an karanta masa komai ba. Sai dai tsarin ba ya aiki sai igiya na miƙe tam. Da ta saki, matuƙi ya zama ɗan kallo. Abin da ke miƙar da ita shi ne ƙarfin da ke jan dutse waje a cikin majajjawa, kuma wannan ƙarfi yana ƙaruwa da gudu, yana raguwa da tsawon igiya. Saboda haka maƙeri yake taimaka masa da dabaru: ya sa ɗan nauyi a bakin fiffiken waje domin ya daidaita nauyin igiyoyin da ke jan na ciki, ya karkatar da inji ko tsayayyar jela kaɗan zuwa waje, ya kuma zaɓi wurin da igiyoyi za su fita ta fiffike, ɗan baya da cibiyar nauyi. Ko wajen tashi sai an karanci iska: ana sakin jirgi ne ta yadda iskar za ta tura shi nesa da matuƙi a farkon kewaye, kuma a ɓangaren da iska ke bugun bayan matuƙi ake yin alkafura. Wanda ya ƙi kula da ɗaya daga cikin waɗannan, kafin ya cika kewaye guda zai ga jirginsa ya nufo shi.

Darasi na biyu yana kan teburin ƙira. Katakon da aka saba amfani da shi shi ne balsa, itacen ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka, wanda mafi yawansa daga Ekwado ake fitar da shi. Yana da ƙarfi gwargwadon nauyinsa, reza tana yanka shi, gam yana kama shi. Ƙaramin jirgin koyo yakan kai santimita 45 zuwa 60 daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike, nauyinsa kimanin giram 150 zuwa 250, jikinsa fallen katako ne guda, igiyarsa kuma kimanin mita 10 zuwa 11. A irin wannan girma kowane giram yana da magana. Mai cika gam da fenti domin jirginsa ya yi kyau zai samu jirgin da ba ya son barin ƙasa. Mai gina fiffike a kan allon da ba shi da daidai zai samu fiffike murɗaɗɗe, jirgin ya riƙa kwantawa gefe guda. Babban abin lura shi ne cibiyar nauyi: in aka ɗora jirgi a kan yatsu 2 a ƙarƙashin fiffike, ya kamata ya daidaita a wajen kashi ɗaya cikin 5 na faɗin fiffiken daga gaba, ko ɗan gaba da haka ga mai koyo. In hanci ya yi nauyi da yawa, jirgin zai yi taurin kai wajen juyawa. In jela ce ta yi nauyi, zai riƙa zabura sama da ƙasa har ya fi ƙarfin hannu. Wannan doka ɗaya ce da wadda ake bi wajen jera kaya da fasinja a manyan jirage. Sannan dole a shafe gaban jirgin da fentin da mai ba ya ci, domin man da inji ke fesowa yana ratsa katako ya sassauta gam, kuma katakon da ya sha mai ba ya sake karɓar liƙi.

Injin kansa abin mamaki ne saboda ƙarancin kayansa. Girman silindar Babe Bee inci 0.049 ne a ma'aunin ciki, wato kimanin sisi 0.8, fistin ɗinsa bai kai kan ɗan yatsa ba, amma yana juya farfela mai inci 5 ko 6 fiye da sau 12,000 a minti, ƙanensa Tee Dee kuma yana wuce 20,000. Ba shi da tartsatsin wuta irin na babur. A kan silinda akwai fulogi mai ɗauke da wani ɗan zaren ƙarfen filatinam a naɗe. Ana haɗa shi da batir mai bolt 1.5 ya yi ja, a buga farfela, inji ya kama, sai a cire batirin. Abin da ke riƙe da zafin zaren daga nan shi ne zafin ƙunar da ta gabata da kuma wani hali na filatinam: idan tururin metanol ya taɓa shi, yana sa tururin ya ƙone a jikinsa, ya ƙara masa zafi. Ke nan mai da fulogi abokan juna ne, kuma wannan shi ya sa fetur ba ya aiki a wannan inji. Iska da mai suna shiga ta baya, ta ƙarƙashin wani ɗan siririn falle da ke buɗewa in fistin ya hau, ya rufe in ya sauko. Saboda fallen bai san gaba da baya ba, injin yana iya tashi a juye, farfela ta riƙa hura iska gaba, abin da kowane sabon shiga yake cin karo da shi. Duk injin ana iya warware shi a kan hankici cikin 'yan mintoci a mayar da shi. Ɗalibin da ya yi haka sau ɗaya ya fahimci inji mai bugu 2 fiye da wanda ya haddace zanensa a allo.

Batun mai shi ne inda ake gane wanda ya ƙware. Kayan haɗinsa 3 ne. Metanol shi ne abin ƙonawa. Ƙarfin da ke cikinsa kusan rabin na fetur ne, amma iskar da yake buƙata kafin ya ƙone ba ta kai rabin ta fetur ba, don haka inji yana shan sa da yawa, ya samu ƙarfi, yawan ruwan kuma ya sanyaya shi. Naitiromitan yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa, yana ƙara ƙarfi, yana sa ƙaramin inji ya tashi da sauƙi ya yi ta aiki ba tangarɗa. Ƙananan injunan Cox sukan so kashi 15 zuwa 25 cikin 100. Na uku shi ne man shafawa, domin injin ba shi da ma'ajiyar baƙin mai, abin da ya shigo cikin man sha shi ne kaɗai ke shafe fistin da sandarsa. Ana sa kimanin kashi 20 cikin 100, kuma wanda aka fi amincewa da shi shi ne man zurma. Yana narkewa cikin metanol, abin da baƙin man mota ba ya yi, kuma idan zafi ya yi tsanani ba ya gudu ya bar ƙarfe tsirara, sai ya yi kauri ya zama wani danƙo mai kare fuskar ƙarfen. Injunan jiragen yaƙi masu juyawa na Yaƙin Duniya na Ɗaya ma sun yi amfani da shi. Man shafawa na sinadari da aka ƙirƙiro daga baya ya fi tsabta, ba ya barin danƙo, amma mahaɗar fistin da sanda a injin Cox tana saurin sassautawa in babu zurma, shi ya sa masana suke cewa aƙalla rabin man shafawar ya zama na zurma. Tsohon injin Fox 35 ma ya fi haka ci, yana son kusan kashi 28 cikin 100.

Haɗa mai daidai rabin aiki ne, sauran rabin shi ne isar da shi. Jirgi yana kewaye, don haka man da ke cikin tanki ba ya kwanciya a ƙasa, yana manne wa bangon waje. Dole bakin tiyon da ke zuƙo shi ya kasance a kusurwar waje ta baya, in ba haka ba inji zai mutu da sauran mai a tanki. Tsayin tanki kuma sai ya yi daidai da na mashigar mai, domin in ya fi ta sama ko ƙasa, jirgin zai yi gudu iri ɗaya a miƙe, wani iri dabam a kife. Mafi yawan waɗannan injuna ba su da totur. Abin da matuƙi yake da shi shi ne allura guda mai rage mai ko ƙara shi, kuma da kunne ake saita ta. In mai ya yi yawa, inji yana gurnani yana tofar da ruwa. In aka matse allura a hankali, sautin ya haɗe ya zama kuka ɗaya mai kaifi. A nan ne gwani yake ɗan buɗe ta baya kaɗan, saboda ya san a sama farfela za ta samu sauƙi, man da ke isowa ya ragu, inji ya yi zafi. Da zarar an saki jirgi babu gyara. Zai yi ta tafiya har tanki ya ƙare. Shi ya sa masu gasa suke auna mai da sirinji. Wannan horo ne na yin tunani kafin aiki, kuma samun irinsa a abin wasa ba ƙaramin abu ba ne.

Wani zai ce, ai duk wannan wahala a kan jirgin da ba ya zuwa ko'ina ne, kewaye kawai yake yi. Amsar tana cikin gasar duniya da Hukumar Wasannin Sama ta Duniya, FAI, wadda aka kafa a 1905, take shiryawa a rukuni 4. A gasar gudu, F2A, inji ba ya wuce sisi 2.5, igiya mita 17.69 ce domin kewaye 9 su zama kilomita 1, man kowa iri ɗaya ne, kashi 80 metanol da kashi 20 man zurma, amma gwanaye suna kai kilomita 300 a awa, wato kewaye guda cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya da rabi. A F2B ana zana siffofi a sama: da'ira, murabba'i, kusurwa 3, lamba 8 a kwance da a tsaye, kuma ƙasan kowace siffa kimanin mita 1.5 ne daga ƙasa. A F2C matuƙa 3 suna tsakiyar da'ira ɗaya suna tseren kewaye 100, kilomita 10, da tankin da bai wuce sisi 7 ba, makaniki yana cafke jirgi da hannu ya zuba mai ya sake tayar da shi cikin 'yan daƙiƙu. A F2D mutum 2 suna farautar juna, kowa na ƙoƙarin yanke ƙyallen da ke jelar abokin karawarsa. Taƙaita filin tashi bai rage fasaha ba. Ya tilasta wa mutane su nemi fifiko a wurin ƙira da saitin inji da haɗin mai, wato ainihin wuraren da ake koyon sana'a.

Wani kuma zai ce, me ya sa za a koma baya alhali ga jirgin rediyo da jirage marasa matuƙa, waɗanda suke zuwa a shirye, suna daidaita kansu, har su dawo gida da kansu? Ba na musun amfaninsu. A aikin gona da awon ƙasa da ɗaukar hoto jirgin igiya ba shi da abin cewa. Amma tambayar ita ce me mai shi yake koya. A jirgi mara matuƙi, wata 'yar kwamfuta ce take gyara kuskure sau ɗaruruwa a daƙiƙa, mai riƙe da na'ura bai ma san an yi ba. Idan ya lalace, sai a cire allo a sa sabo. Mutum zai iya shekara yana tashinsa bai san abin da ake nufi da cibiyar nauyi ba. Jirgin igiya kuwa babu mai shiga tsakaninsa da maƙerinsa, kuma shi kaɗai ne ƙaramin jirgin da matuƙi yake jin motsinsa a tafin hannu, ya ji lokacin da iska ta buge shi, ya ji lokacin da inji ya fara gajiya. Da tsohuwar zuma ake magani. Ga kuma wata fa'ida da ta shafi zaman jama'a: ba ya ɓacewa, ba ya ƙetare katangar kowa, ba ya leƙa tsakar gidan maƙwabci, kuma da'ira mai faɗin mita 25 a gefen filin ƙwallo ta ishi ƙaraminsa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na haɗari, kuma bai kamata a raina shi ba. Metanol guba ce; kaɗan daga cikinsa yana makantarwa, fiye da haka yana kisa, kuma harshen wutarsa ba ya ganuwa sosai da rana. Ba a zuba shi a kwalbar ruwa ko ta lemo, ba a ajiye shi inda yara ko wuta suke, kuma a rufe shi ruf domin yana zuƙar damshin iska ya lalace. Farfela tana yanka yatsa har ƙashi, shi ya sa ake buga ta da sanda ko da abin murɗawa, a kuma saita allura daga bayanta. Ƙarar inji tana cutar da kunne in an daɗe kusa da ita. Mafi muni shi ne wayar lantarki: manyan jiragen igiya da zaren ƙarfe ake tuƙa su, kuma an yi asarar rayuka a inda zaren ya kusanci wayar wuta. Ba a tashi kusa da turakun lantarki, ba a tashi in hadari ya haɗo. Kafin kowane tashi ana jan igiya da ƙarfi a gwada ta, ana kuma ɗaure mariƙi a wuyan hannu, 'yan kallo su tsaya nesa da da'ira. Waɗannan duka gaskiya ne, amma abin da suke nunawa shi ne wasan yana buƙatar babba a kusa da doka a rubuce. Matashin da ya saba duba igiya da rufe kwalbar mai tun yana ɗan shekara 12 ya riga ya ɗauki ɗabi'ar da kowane garejin jirgi da kowace masana'anta suke nema.

Saura batun kaya. Balsa da naitiromitan da fulogi ba abubuwa ne da ake samu a kowace kasuwa ba, kuma kamfanin Cox na asali ya daina ƙera injunansa, ko da yake ana samun tsofaffi da kayan gyaransu. Amma wannan ma ba ya rufe ƙofa. Masu koyo a ƙasashe da dama suna yin jirgin farko da robar allunan talla mai ramuka a ciki, wadda take jure faɗuwa fiye da balsa. A Birtaniya an daɗe ana amfani da ƙananan injunan da ba su da fulogi, irin su Mills da PAW, waɗanda matsin iska kaɗai ke kunna su, mansu kuma kananzir ne da sinadarin eta da man zurma. Ga kuma injin lantarki da batir, wanda yanzu ya samu karɓuwa har a gasar F2B. Mai amfani da shi ya rasa darasin mai, amma darasin ƙira da na tuƙi suna nan daram. Wasu kayan ma a ƙofar gida suke. Zurma tana fitowa a bayan gari a ƙasar Hausa ba mai kula da ita, ko da yake man inji sai an tace shi an raba shi da danƙo, 'ya'yanta kuma guba ne. Rimi ɗan uwan balsa ne a dangin itatuwa, katakonsa ya fi na balsa nauyi amma yana cikin marasa nauyi. Hannun da ya iya fere karan dawa ya haɗa mota, ko ya yanka langa-langa ya yi mata ƙafafu, ya riga ya yi nisa a hanyar ƙera fiffike.

Ƙasar da take da Kwalejin Fasahar Jiragen Sama a Zariya tun 1964 ba ta rasa masu tuƙi da masu gyara da za su iya tsayawa a kan irin wannan aiki. Abin da ake buƙata kaɗan ne: malamin kimiyya ko na fasaha mai himma, teburi mai daidai, reza da gam, fili mara wayar wuta, da ƙa'idojin tsaro da ba a sassauta su. Ina kira ga makarantun sakandare da kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin matasa su buɗe ƙungiyoyin ƙera ƙananan jirage, su fara da na igiya, su bar ɗalibai su auna, su yanka, su liƙa, su tashi, su fasa, su gano dalili, su sake ginawa. Iyaye kuma, in yaro ya nuna sha'awar jirgi, kafin a saya masa wanda aka gama a kwali, a ba shi wanda zai haɗa da hannunsa.